Bangon da Ya Rage wa Baba Ziblim

Shekara talatin da ɗoriya Ziblim ya yi yana rubuta Turanci a bangon mutane, kuma har yau bai iya karanta shi ba. Yana saurayi ya sauka unguwar Nima daga arewa, ya koyi fenti wurin wani tsoho da ya nuna masa zanen haruffa yadda ake zana kaza ko doya. Abin da masu kanti ke so kuwa bai wuce maganganun Turawa a kan kuɗi ba: Cash Down, wato kuɗi hannu, ko No Credit Today, Come Tomorrow, ba bashi yau, sai gobe. Ya haddace siffarsu tsaf. Taƙamarsa ita ce wata doguwar wutsiya da yake ja wa harafin ƙarshe, da ita ake gane hannunsa daga Nima har unguwar Maamobi.

Sai zamani ya juya masa baya. Injin buga fosta ya zo, idanunsa suka soma hazo, bangayensa aka yi ta shafe su ɗaya bayan ɗaya. Saura guda, na kantin marigayi Alhaji Ganiyu, ja da shuɗi. Kullum bayan la'asar sai ya bi ta wurin, wai shan iska. Ƙarya yake, bangon yake zuwa gaisarwa.

Ran nan Lauratu, 'yar marigayin, mai riƙe da kantin yanzu, ta aika masa akwai aiki. Wata biyar rabonsa da buroshi. Ya zo da gwangwanin ja da na shuɗi, har da murmushinsa, ya ɗauka sabunta rubutun za a yi.

"A'a Baba, fari kawai," in ji Lauratu. "Shafewa za ka yi. Yanzu wa ke riƙe kuɗi? Kowa ta waya yake biya. Lambar tura kuɗi za mu manna."

"'Yata, babanki a nan ya tsaya ranar da na rubuta shi."

"Na sani, Baba. In ba ka iyawa sai in kira wani."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma gida ba ko garin masara, kuma ya ga gara hannunsa da na wani. Shafin farko jan ya ƙi ɓuya, sai da ya ƙara na biyu. Wutsiyar ya bari ƙarshe, ya daɗe tsaye a gabanta kafin ya bi ta da fari.

Lauratu ta latsa wayarta ta tura masa kuɗin aikin, tasa ta yi ƙara a aljihu.

"Ya shigo, Baba?"

Ya ciro wayar ya kalli gilashinta, hazo kawai ya gani. "Ya shigo," ya ce.

Washegari bayan la'asar ya sa takalminsa kamar kullum. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ya koma ciki ya cire.