Om Kolab, Mai Curin Karnukan Nakiya

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyenmu, nan yammacin Battambang, ya san abu biyu ne ke tada mutane: gangar haikali da taɓaryar Om Kolab (Om laƙabin girmamawa ne da muke yi wa manya). Ni da shinge ɗaya ya raba mu, taɓaryar ce ke fara isowa kunnena. Kafin rana ta hau kan giginyu ta riga ta fere dankali da kabewa, ta turara su, ta juye a turmi, ta ɓare nunanniyar ayaba ta haɗa. In gwanda ta nuna a bayan gida, ita ma ta shiga. Ta kirɓa har ya yi danƙo, ta barbaɗa garin shinkafa, sannan ta zauna a ƙarƙashin gidanta tsakanin ginshiƙai, ta miƙe ƙafa tana curawa. Kowane curi bai wuce kan ɗan yatsa ba. Ba gishiri, ba sukari, albasa kuwa ko kusa da turmin ba ta yarda a kawo ba, ta ce tana lalata jinin kare. In ta gama ta jera su a faifai ta kai rana, ta ja kujera tana korar kaji.

Eh, kare na ce. Wannan dattijuwa karnuka take wa girki, kuma ba waɗanda ke kwance a gindin rumfa suna korar ƙuda ba. Karnukan sansanin da ke bayan makaranta nake nufi, masu shinshino nakiyoyin da yaƙi ya binne mana ya yi tafiyarsa. Ana sakin kare a fili da doguwar igiya, hancinsa a ƙasa. In ya ji warin nakiya sai ya zauna cak. Mai kula da shi ya kira shi ya dawo ta sawunsa, ya sa hannu a jaka ya miƙa masa curi ɗaya. Tun yana ɗan kwikwiyo da wannan curin aka koya masa aikin, kuma dominsa yake yi.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: kare ba ya cin komai sai daga hannu. Wanda ya saba tsintar abinci a ƙasa, ran da ya shiga fili ba ka san abin da hancinsa ke nema ba. Shi ya sa curin Om Kolab ba ya marmashewa. In ya bushe takan ɗauki ɗaya ta murza a kan baƙin ƙyalle, ta kai ƙyallen dab da idonta. Ko ɗigon gari ta gani, faifan gaba ɗaya ya zama na agwagi, ta koma turmi. Na sha ganin ta yi haka da la'asar sakaliya, ga gajiya, ga ba ta ci komai ba.

Wanda bai san dalilinta ba sai ya ce tsohuwar ta cika ƙaƙale. Mu mun sani. Bayan magudanar ruwa akwai wata gona mai giginyu a tsakiya, kewaye da turaku masu jan fenti. Gonarta ce. Tana da ƙuruciyarta lokacin da saniyarsu ta ƙwace ta faɗa ciki, mijinta Sarun ya bi ta. Duk ƙauyen nan ya ji ƙarar. Muka taru a bakin magudana muna kiran sunansa har muryoyi suka dushe, ba namijin da ya iya ɗaga ƙafa ya shiga, kuma ba wanda ya ga laifinmu. Yana nan ciki har yau. Ba a ƙona shi ba, sufaye ba su yi masa karatu a kan ƙashi ba, ba a kai shi haikali wurin iyayensa ba. Abin da Om Kolab ke jira ke nan tun gashinta na baƙi: kare ya buɗe mata hanya ta shiga ta kwaso mijinta.

Da wankin tukwane ta fara a sansanin. Lokacin busasshen nama ake ba karnukan a matsayin lada, ga zafin ƙasar nan, kafin mako ya yi fumfuna, tururuwa ta cika jaka, karnuka su yi ta gudawa. Ta nemi a bar ta ta gwada abin da ke fitowa a bayan gida. Likitan dabbobi ya duba ya ce to. Daga ranar ƙauye ya sami abin dariya. Ming Pisey, wato Inna Pisey, mai sayar da taliya a bakin hanya, ba ta taɓa bari ta wuce lafiya ba.

"Om, yau me ranka-ya-daɗe zai ci? In aro masa cokali?"

"Ke dai ci gaba da sayar da ruwan zafi kina kiransa miya," in ji Om Kolab, faifai a ka, ko waiwaye ba ta yi. "Nawa masu cin ba su taɓa dawo min da kwano ba."

Shekarar da karnuka suka share gonar shinkafar Pisey, aka fidda abin da aka fidda daga daidai inda jikokinta ke kamun ƙaguwa, bakinta ya mutu. Yanzu duk kabewar da ta fara ƙosawa a gidanta, sai dai a wayi gari a gan ta a kan matakalar Om Kolab. Har yau Pisey cewa take ba ta san wanda ke ajiyewa ba.

Ni ma ina da nawa. Ƙafata ta hagu ta roba ce, kuma na daina ba da labarin yadda aka yi. Rogon da nake ci da iyalina a gonar da kare ya share yake fitowa. Ina tsaye a bayan turaku ranar, na ga karen ya zauna a wurin da na yi niyyar kafa bukka, na ga an kira shi, na ga an miƙa masa ɗan abin nan ruwan kabewa da na ji ana kirɓa shi da safe ina ƙunƙunin an hana ni barci. Kunya ta kama ni, na kasa gaishe ta sai da kwana ya ja.

Ke ce, Om, wadda a daminar ambaliya, da rana ta ƙi fitowa, kika hura gawayi kika tsuguna a kansa kina juya curi ɗai-ɗai har hayaƙi ya cinye miki ido. Ke ce kika ratsa ruwa iya ƙugu da kwando a ka, Pisey na ihu daga rumfa wai macizai. Uwar masu ƙafa huɗu, an share gonakin mutanen da suka yi miki dariya ɗaya bayan ɗaya kina kallo, domin gona mai bakin hanya da gona mai yara ake fara bi, taki kuwa ba mai shiga sai gawa ɗaya da ba ta gaggawa. Ba ki taɓa zuwa kin tsaya a ƙofar shugaban sansani kin ce a tsallake wani a yi miki ba.

Sau ɗaya layi ya zo kanta. Aka ce da an gama bikin matattu, Pchum Ben, za a shiga gonar giginyu, kuma Malis ce za ta shiga, kariyar da ta fi kowace hanci a sansanin. Mai kula da ita Vuthy ne, magidanci mai sanyin hali, a sansanin gudun hijira ya tashi, bai san kabarin kowa nasa ba. A kwanakin bikin kowa ya san abin da ake yi: a cura shinkafa mai danƙo da riɗi, a zagaya haikali da asuba ana jefawa ƙasa, don matattun da ba su da mai ciyar da su. Vuthy yana bakin aiki, bai sami zuwa haikali ba. Kullum da safe in ya fito da Malis ta miƙe ƙafa sai ya bi ta bakin jajayen turakun, ya tuna akwai mutum kwance a ciki da yunwa. Ba shinkafa a hannunsa, amma a jakarsa akwai abin da girmansu ɗaya. Ya dinga ɗiba yana jefawa ciki. Wasu suka faɗi nesa, wasu suka faɗi wajen turaku, Malis ta sunkuya ta tsince.

A filin gwaji abin ya fito. Malis ta bi ta kan nakiyar gwaji ta wuce abinta tana neman kabewa a ciyawa. Aka cire ta daga aiki. Shugaban sansani kuma ya ce ba karen da zai shiga gonar da aka watsa wa abinci sai damina ta wanke ta, rani ya gasa ta. Gaskiyarsa ce, ba mai musu.

Ina ƙarƙashin gidanta ina gyara maɗaurin ƙafata Vuthy ya shigo. Ya cire hula, ya durƙusa, ya haɗa tafukansa a goshi.

"Om, ni ne. Ni na jefa."

"Ka jefa me?"

"Curinki. Na ga gobe-jibi za mu shiga wurinsa, na ce bai kamata a je wa babba hannu wofi ba."

Ta ajiye taɓarya. "Tsaya. Abincin kare ka ba mijina?"

"Shi kaɗai ne a jakata, Om."

"Ni ina nan ina murza gari a ƙyalle ido na ƙuna don kada ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa, kai ka cika hannu ka watsa? Wannan abin da ke bisa wuyanka kai ne ko kabewa?"

Ta wanke shi tas, har Pisey ta baro taliyarta a wuta ta zo ta leƙo ta shinge. Vuthy bai ɗaga kai ba, ƙwalla na ɗiga a ƙasa. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Da kake jefawa, me kake ce masa?"

"Cewa nake, Om Sarun, yi haƙuri, saura kaɗan."

Ta kalli cikin turmin. "To, ka yi masa ƙarya. Ni ma na sha yi masa. Tashi ka kawo min kariyar nan."

Rani guda suka yi a tsakar gidanta. Ta watsa curi a ƙasa, Vuthy ya ratsa da Malis ta tsakiya. In ta sunkuya a ja ta a sake, in ta wuce ba ta kula ba ta karɓi nata daga hannu. Tsohuwa na zaune a rana tana ba da umarni, tana zagin Vuthy, tana zuba masa shayi. Malis ta gyaru, ta ci gwaji, ta koma aiki. Amma kafin nan an tura tawagar can bakin iyaka, inda mutane ke komawa suna kafa gidaje a kan ƙasar da ba a duba ba. Vuthy ya aiko cewa Malis ta zauna a filin da za a gina wa yara aji. Da aka faɗa wa Om Kolab cewa ta yi, "Madalla, a ba ta biyu," ta ci gaba da ferar dankalinta.

Makon jiya ta ajiye aiki. Yatsunta sun kumbura sun kanannaɗe, ba sa iya curawa, idon kuma ba ya ganin gari a ƙyalle ko ta kai shi hanci. Aka taru a sansanin, aka sha shayi, aka yafa mata sabon gyale mai zanen dara. Raina ya ɓaci da ƙanƙantar taron, ban ɓoye ba. Na tambayi shugaban sansani a gaban kowa yaushe za a shiga gonar giginyu. Mutumin kirki ne, bai yi min ƙarya ba. Ya ce watakila baɗi, watakila baɗin baɗaɗa, karnuka sun yi kaɗan, ƙasa kuma da yawa.

Mun gode, Om Kolab. Mun gode a madadin kowace ƙafa da ke takawa a ƙauyen nan ba tare da mai ita ya duba ƙasa ba. Kin ciyar da waɗanda suka buɗe ƙofar kowa, taki tana rufe. Ban san kalmar da ake faɗa wa mutum irinki ba, abin da na sani kawai ina baƙin ciki, kuma ina jin nauyinki.

Ku kuma da ke karanta wannan, musamman 'yan ƙauyenmu da suka watsu a birni, turmin yana nan. Matar Vuthy ta fara koyo, amma hannu ɗaya ba zai ciyar da sansani ba. Tsohuwar ta ce duk wanda ya zo za ta koya masa da baki, zagin kuma kyauta ne. Ku zo. Wani kare da ba a ma haife shi ba ne zai shiga gonar nan, kuma sai an sami wanda zai cura masa ladansa.

Da muka taso daga taron ni na riƙo ta, gurgu yana ja wa makauniya gora. A bakin magudana ta tsaya ta juya fuskarta wajen giginyun da ba ta iya gani.

"Ƙanena," ta ce, "in na riga karnukan, ku ƙona ni yadda ake yi, amma kada ku kai ni haikali. Ka ajiye ƙashina a gidanka, ko a bisa rumbun shinkafa ne."

"Haba Om, wace irin magana ce wannan?"

"Ka ji abin da na ce. Na bar shi shi kaɗai ya isa haka. Ran da aka fito da shi, sai ku kai mu tare."

Na ce mata to. Ban faɗa mata cewa ni ma ba yaro ba ne.