Kujerar da Baba Ya Bari a Baya

Baba ya sayi motar ne a shekarar da aka ba mu mata izinin tuƙi a nan Madina, kuma babu wanda bai yi masa dariya ba a dangi. Fara ce, ƙirar ƙasar Sin, irin mai ɗan tudun nan da ba ta kai jif ba amma ta fi ƙaramar mota tashi. Ƙanena, wanda yake jin Hausa sarai amma sai ya amsa maka da Larabci, ya zagaya ta sau biyu ya ce gwangwani ne aka sa wa taya. Baba bai ko kalle shi ba. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Ke da safe, ni da yamma." A lokacin aurena ya mutu na dawo gida, ina koyarwa a makarantar 'yan mata, shekaruna sun doshi arba'in, ban taɓa riƙe sitiyari ba.

A gonakin dabino na Awali, can gefen gari, Baba ya ƙare ƙuruciyarsa. Shi ne mai hawa ya ɗaura wa macen dabino furen namiji, in ya sauko ya ɗiga wa gindin jan fenti don kada a maimaita. Da ƙafa ta ƙi hawa sai ya koma duba masu hawan, amma gwangwanin fentin bai bar shi ba, kullum yana bayan mota a cikin leda. A lungunan gonakin nan ya koya mini tuƙi, katanga dama katanga hagu, yana zaune a gefena gwiwoyinsa na tokare da gaban mota. Dogo ne ƙwarai, hularsa na gogar rufi. Ni kuwa Inna na ɗauko, in na tsaya kusa da shi da ƙyar nake kai masa ƙirji. Na yi masa tsawa ya fi a ƙirga a lungunan nan, don ina da saurin fushi kuma shi ba ya gaggawar komai. Shekara huɗu muka yi muna raba motar, kuma a duk tsawon lokacin ban taɓa sanin inda ƙarfen jan kujera yake ba.

Yana da aboki makanike, wani dattijo ɗan Chadi mai gareji a unguwar Harra ta Yamma, kusa da gidanmu. A wurinsa Baba ya kwaso tarihin motar, ya zo ya dame mu da shi a kan abinci. Wai farkon fitowarta dariya aka yi mata, ana cewa ta kwaikwayi fuskar wata motar Japan. Masu ita ba su yi zuciya ba, suka yi ta sauya mata fuska da inji har mutane suka daina dariya. Sannan suka fara aika ta ƙasashe a wargaje cikin akwatuna, a harhaɗa ta a can: Masar, Iran, har Brazil. A wata ƙasar Turai ma an cire mata tambari an sa wani, ana sayar da ita da sabon suna. Abin nan ne ya fi yi wa Baba daɗi. Yakan ce, "Irinmu ce. A nan Takari, a Sudan Fallata, a Kano kuma 'yan Makka. Fuska ɗaya, takarda daban-daban." Inna ta ce ya ci abincinsa ya bar mu da zancen ƙarfe.

Wata ranar Talata bayan la'asar ya dawo daga gona, ya ajiye motar a karkace, abin da bai taɓa yi ba. Ya shiga ɗakin Inna ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Ina cikin wanka a lokacin. Kafin na fito an kira motar asibiti, kafin magariba ya cika.

Wanda bai san Madina ba zai ce mun yi dace, kuma mun yi ɗin: an yi masa salla a Harami, an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Amma mu mata ba ma shiga. Na tsaya a bakin katanga na riƙe ƙarfen shingen, ina kallon bayan maza suna ta nisa da shi har suka zama fararen ɗigo. A can ba a rubuta suna, dutse ne kawai a kan kowa, duk iri ɗaya. Bayan mako guda na sa ƙanena ya koma ya yi wa Baba sallama a madadina. Ya dawo yana sosa ƙeya. An binne wasu a gefensa, hanya ta rikice masa, ya dai tsaya a inda yake zato. Na zage shi tas a ranar, shi kuwa ya san ba da shi nake ba.

Ranar da zan koma makaranta na buɗe motar na zauna, ƙafata ba ta kai birki ba. Kujerar na can baya, jinginar ta ɗan kwanta, madubi na kallon sama da kaina. Na miƙa hannu ƙasa ina laluben ƙarfen, na same shi, sai na tsaya. Tsawon Baba ne wannan. Tazarar da ke tsakanin kujerar nan da sitiyari ita ce ƙafarsa, kuma hannunsa ne ya bar ta a nan. Ba ni da kabarin da zan nuna, ba ni da dutse, wannan kawai nake da shi a duk garin. Na saki ƙarfen, na koma cikin gida na ɗauko filo biyu.

Haka na yi shekara biyu ina tuƙi, filo ɗaya a baya ɗaya a ƙasa, takalmi mai tudu, ina zaune a bakin kujera ina miƙa yatsun ƙafa. Madubin kawai na gyara, shi ma sai da na yi kuka. Na daina kai ta wurin wanki, da kaina nake wankewa ranar Juma'a. Ƙanena ya ce in sa alama a wurin mana in ja kujerar, duk ranar da na so sai in mayar. Na ce masa in na mayar hannuna ne ya ajiye, ba nasa ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Halas, ya ukhti, motarki ce."

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yawan 'yan uwanta. Da Baba na da rai ban lura ba, da ya tafi sai garin ya cika da ita. A kowace danja akwai fara guda, wani lokaci biyu. In na hango ta daga baya, da farar hula a kujerar direba tana kusa da rufi, sai in bi ta da ido har ta ɓace. Sau ɗaya na bi wata tun daga unguwarmu har Anbariyya, na bar hanyar makaranta, na san sarai abin da nake yi hauka ne. Ta tsaya gaban wani shagon turare, wani dogon saurayi ya fito yana waya yana dariya. Na zauna na riƙe sitiyari har wanda ke bayana ya gaji da hon. 'Yar kawuna ta aiko mini hoton sabuwar motar mijinta daga Kano, ita ce dai, da wani launi. Na goge hoton. Ina jin haushin masana'antun nan da ban taɓa gani ba, suna ta fitar da ita dubu-dubu kamar ba abin da ya faru.

Da na'urar sanyi ta lalace dole na kai ta garejin abokin Baba. Shi ma gajere ne, bai fi ni da yawa ba. Na tsaya a kansa na ce, "Kawu, komai ka taɓa, ban da kujerar nan."

Ya dubi filon, ya dube ni. "Ya binti, wannan sayyarar, motar nan taki, ko'ina akwai kayanta. In kujera ce, gobe in kawo miki sabuwa daga tashlih, inda ake wargaza motoci."

"Ba ta lalace ba."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya shiga, ya zauna a bakin kujerar kamar yadda nake yi, ya shigar da ita garejin yana miƙa ƙafa. Da ya fito ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji. Amma birki ba ya son yatsa, yana son tafin ƙafa." Na ce na ji, kamar yadda nake ce wa kowa.

Lokacin nunar dabino Inna ta ce in kai ta Awali, mai gonar da Baba ya yi wa aiki ya aiko a zo a karɓi rabonsa kamar yadda aka saba. Da hantsi muka tafi. Muna cikin lungun nan da na koyi tuƙi, wani ma'aikacin gona ya fito daga wata ƙofa a kan keke, ya ɗauro ganyen dabino ya rufe masa gefe. Na kai ƙafa birki, filon ƙasa ya zame, na zame tare da shi. Yatsuna suka taɓa birkin suka kuɓuce. Na riƙe sitiyari na jawo jikina gaba na taka da duk ƙarfina. Motar ta tsaya ganyen na kan gilashi. Mutumin ya faɗi gefe, ya tashi, ya karkaɗe gwiwa, ya ɗaga mini hannu wai ba komai. Dattijo ne, gemunsa fari.

Inna ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Wannan ma uban wata ne."

Na fita, na fizgo filon biyu na jefa baya. Na zauna, na kama ƙarfen na ja da fushi. Ban ƙirga komai ba, ban sa alama ba, kujerar ta taho gaba ɗaya har gwiwata ta bugi ƙasan sitiyari. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na sauko na durƙusa a ƙasa ina leƙa dogon ƙarfen da kujerar ke tafiya a kai, ko ƙura ta bar mini shaidar inda take. Babu ƙura, ni na share ta duk Juma'a. Abin da na gani ɗigon jan fenti ne guda ɗaya a gefen ƙarfen, ta gaba, da wani ɗigon a ƙafar kujerar. Irin wanda yake sa wa gindin dabino.

Na nuna wa Inna. Ta leƙo ta ce, "Naki ne. Tun ranar da kika iya tuƙi ya sa. Kullum in ya dawo sai ya durƙusa ya daidaita jan da jan kafin ya shigo gida, da ciwon gwiwar nan tasa. Ke kina zaton da kanta take komawa?"

Ban taɓa zaton komai ba. Shiga kawai nake yi in tayar.

"Ranar nan," in ji Inna, "da ya shigo yana riƙe ƙirji, abin da ya fara ce mini ke nan. Ya ce bai mayar miki da kujera ba, in ya huta zai fita ya mayar."

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mini ba, shekara biyu tana kallona da filo. Ta ce ta ga na riƙe abin da hannu biyu, ta ji tsoron in ta karɓe in rasa abin riƙewa. Na zauna a ƙasan lungun na yi kukan da ban yi ba a bakin Baƙi'a. Ashe abin da nake gadi ba zamansa ba ne. Ciwonsa nake gadi, rana ɗaya tak da ya kasa durƙusawa.

Na tura kujerar baya ina neman wurinsa. Ta tsaya a nan, ta tsaya a can, kowanne ya yi kama da shi, ban san wanne ne ba. Nasa bai sa wa fenti ba. Mai keken ya gama ɗaure ganyensa ya wuce, Inna na jira, rana ta fara zafi. Na durƙusa yadda ta ce yana yi, na jawo kujerar a hankali har jan ya hau kan jan. Na shiga na zauna, tafin ƙafata ya kwanta a kan birki.