Tayoyin Aƙilu Mai Faci

Aƙilu mai faci ne a Bolari, shekara ashirin da shida yana aiki a ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya a bakin tasha. Gidansa yana Pantami, ɗaki biyu da tsakar gida da aka shafe da siminti tun kafin ya saya. Mutum ne da bai iya jefar da abu ba. In galan ya fashe sai ya yanke shi ya zama mazubin ƙusa. Kasuwa da jakar buhu yake zuwa, ba ya karɓar leda. Mutane na cewa rowa ce. Bai taɓa tsayawa ya ba su amsa ba.

Shekara huɗu da suka wuce hawan jini ya kama matarsa Kadijatu. Likita ya ce a rage gishiri da dunƙule, a yawaita ganye. Aƙilu ya duba gidansa, babu ƙasa ko taku ɗaya. Abin da yake da shi a wadace tsofaffin tayoyi ne, waɗanda in ya bar su a tasha masu babbakar kai da ƙafa ke kwashewa su ƙona, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Sai ya fara ɗauko su gida a bayan kekensa. Ya yanke gefen sama da wuƙar faci, ya shimfiɗa buhu a gindi, ya cika da ƙasa da kashin shanu da ƙaninsa Hudu ke kawo masa daga rugarsu ta bayan Tumfure. Ya shuka alayyahu da rama da yakuwa da lalo, zogale kuma a tayar tirela.

Ruwa saye ake yi a unguwarsu, don haka shukar ba ta taɓa shan na jarka kai tsaye ba. A cikin tasa suke alwala, a juye a taya. Haka ruwan wankin shinkafa. Na sabulu bayan gida yake tafiya. Kadijatu ta saba da miyar daddawa da ganyen da aka tsinko yanzu, jirin da ke ɗibarta da safe ya ragu.

To, amma tayoyi sun fi ƙarfin tsakar gida. Ragowar sai ya riƙa jibge su a lungun da ke tsakanin katangarsa da ta maƙwabcinsa Alfred, tsohon malamin firamare. Kullum cewa yake wata rana za su yi amfani.

A daminar bana matar Alfred ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro sau biyu cikin wata ɗaya. Alfred ya kai ƙara wurin mai unguwarsu, Jauro Ɗan'azumi. Ranar Laraba da la'asar suka yi sallama.

Jauro ya ce, "Aƙilu, gida kake zaune ko gareji?"

"Gida ne, ranka ya daɗe."

"To ranar Asabar zan dawo. Kar in ga taya ko ɗaya, ciki da waje."

Kadijatu ta yi magana daga bayan labule. "Allah ya ja zamanin Jauro, har da na miyata?"

"Har da su. Ni taya na sani, ban san ta miya ba."

Da suka tafi Aƙilu ya shiga lungun da gwangwani, ya ɗebo ruwan da ke kwance a cikin taya ta farko. Baƙi ne, 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil a ciki. Ta biyu ma haka, ta biyar ma haka. Ya daɗe a tsaye da gwangwanin a hannu. Shi da ke tsine wa masu ƙona taya, ashe shekara biyu yana kiwon sauro a gindin tagar maƙwabcinsa.

Alhamis da Juma'a bai buɗe rumfa ba. Ya fito da tayoyin lungu kaf, ya zubar da ruwansu a rana, ya raba kowace gida biyu. Hudu ya zo da a-kori-kura ya kwashe, za su zama mazubin dusar shanu. Na cikin gida kuwa Aƙilu ya bi su ɗaya-ɗaya da ƙarfe mai zafi, ya huhhuda gindinsu ta yadda ruwa ba zai kwana ba.

Ranar Asabar Jauro ya tarar da lungu a share, amma shuka na nan a tayoyinta. Ya ɓata fuska.

"Ba ka ji abin da na ce ba?"

Aƙilu ya ɗauko bokiti cike da ruwa ya miƙa wa Alfred.

"Malam Alfred, zaɓi wadda ka ga dama ka juye."

Alfred ya zaɓi ta zogale, wadda ta fi girma. Ya juye. Suka tsaya su uku suna kallo har ruwan ya tsiyaye ya bi ta magudana. Alfred ya durƙusa ya tura yatsa ƙarƙashin leɓen tayar, ya duba, ya goge a wandonsa.

Ya ce, "Ba ganye ne ya kwantar da matata ba. A bar wa baiwar Allah miyarta. Amma duk ranar da aka yi ruwa zan shigo in duba da idona."

Jauro ya ce, "Ka ji sharaɗi. Ka yarda?"

Aƙilu ya ce, "Ƙofa a buɗe take."

Tun daga ranar, da an ɗauke ruwa sai Alfred ya yi sallama da lemarsa a hammata. Ba ya zama, ba ya shan ruwa. Yana zagaya tayoyin, Aƙilu na biye da shi yana ɗaga masa ganye. Sau ɗaya ya sami wadda laka ta toshe hujinta, ya nuna da bakin lema. Aƙilu ya koma ɗaki ya ɗauko ƙarfensa.