Malfrid da Makullin Ogan

Malfrid Skaar ba ta taɓa koyon kiɗa a wurin kowa ba. Kunne Allah ya ba ta, in ta ji abu sau ɗaya ya zauna ke nan. Tare muka yi aiki a kamfanin kifin gwangwani na tsibirinmu, muna jera ƙananan kifi tun safe har yatsunmu su sandare. Ba ta yi aure ba, ba ta tara komai ba. Abin da take taƙama da shi a duniya shi ne makullin ogan ɗin ɗakin addu'armu, tsohon abin kiɗan nan da ake taka masa iska da ƙafa. Ita ke kaɗa shi duk Lahadi.

A shekarun nan na bayan yaƙin duniya na biyu, sinima zunubi ce a wurinmu, ita da rawa da karta. Amma duk sanda Malfrid ta hau jirgin ruwa zuwa birnin Stavanger wai ganin likitan haƙori, gidan sinima take zarcewa, ta kalli finafinan Amurkan nan da ba a minti biyar ba a ɓarke da waƙa ba. Na sha ce mata ta yi a hankali kada haƙoran su ƙare, ta rasa dalilin tafiya.

Wata Lahadi, mutane na shigowa, sai ta ɗauko waƙar wani fim, wadda saurayi da budurwa ke rawa da ita, ta ja ta a hankali har ta koma kamar waƙar yabo. Tsofaffi suka yi ta share hawaye. Da suka tambaye ta, ta ce a birni ta jiyo ta, kuma ai ba ƙarya ta yi ba. Haka ta yi ta kaɗa ta har sanyi ya wuce.

Mutum ɗaya ne waƙar ba ta yi wa ba: Endre Vatne, babban dattijonmu, masunci mai ɗaure fuska, wanda matarsa Sina ta rasu a farkon sanyin. Da an fara ta sai ya ɗauki hularsa ya fita. Ƙarshe ya kira taro, ya ce waƙar ta sinima ce, don haka Malfrid ta ajiye makulli.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in aka raba ta da ogan ɗin nan an gama da ita. A wurin taron, maza na gefe, mata na gefe, Malfrid ta taso ta ɗora makullin a kan tebur. Ba ta musa ba.

"Gaskiya ne, Baba Endre, a fim na ji ta," in ji ta. "Amma don Allah, kai a ina ka ji ta?"

Da wani ne, da sai ya ce wani matuƙin jirgi ya ji yana rera ta a bakin ruwa, a wuce wurin. Amma Endre bai iya ƙarya ba. Ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce ranar da likita ya gaya musu ciwon Sina ya fi ƙarfin magani, da suka fito sai ta ja ta tsaya a ƙofar sinima, ta ce tana so ta ga abin da aka hana ta gani tun tana yarinya. Shi ya yankar musu tikiti. Ta yi ta dariya a ciki tana riƙe da hannunsa, a jirgi ma waƙar take ta rerawa har suka iso gida.

"Ba zunubin ne ya dame ni ba," ya ce. "In aka fara ta, ba na iya zama."

Sai tsohuwa Gurine ta ɗaga murya daga ɓangarenmu na mata. "To, Endre, ka ce kewar matarka kake yi mana, ka bar yarinya da makullinta. Ni ma na ga fim ɗin. Kuma ke Malfrid, kin cika jan ta, ta fi haka sauri."

Dariya ta ƙwace wa mutane, har maza. Ashe rabin ɗakin sun san hanyar gidan sinimar nan, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa.

Endre ya ɗauki makullin da kansa, ya zagayo tebur ya sa wa Malfrid a tafin hannu. Ya ce ta kaɗa ta yadda Sina ta ji ta.

Malfrid ta zauna, ta cire takalmi, ta hau taka iska da duk ƙarfinta. Ban taɓa sanin tsohon ogan ɗin nan zai iya gudu haka ba. Takalman masunta suka kama buga katakon ƙasa, Gurine na kaɗa kai, ni kuwa daɗi ya cika ni har na yi kuka. Endre na zaune a benci na gaba, hawaye na bin gemunsa, bai tashi ba sai da ta kai ƙarshe.

Makullin bai sake barin aljihun Malfrid ba, sai da gwiwoyinta suka gaza taka iska.