Ranar da Gangar Yara Ta Tara Mana Gayya

Ko na tsufa na mance sunayen ɗalibaina, ba zan mance da wata la'asar a Kademi ba. Lokacin ina koyarwa a firamare, na buɗe ajin kiɗa kyauta bayan an tashi, don na gaji da ganin yara suna gararamba. Wani tsohon makaɗi ya yarda ya koya musu, da gangunansa uku da suka sha faci.

Iyaye kuwa sun gasa mini aya a hannu. Wanda ya fi kowa zafi wani maƙwabcina ne, kullum maganarsa ɗaya: "Malam, boko na kai ɗana, ba roƙo ba." Da ƙyar mai unguwa ya amince, da sharaɗin ƙara ɗaya aka kawo masa, an rufe ajin. Don haka na roƙi tsohon ya tsaya a kiɗan fareti. Ya ce to. Ashe to ɗin ta baka ce.

Rannan da damina na dawo daga taro a Gaya, sai na tarar da filin makaranta cike da magidanta, kowa da fartanya a kafaɗa. Ashe gangar noma tsohon ya koya wa yaran, su kuma suka sake ta da ƙarfi. Mutane suka ji, suka zaci gayya ake, suka baro gonakinsu ana tsakar maimai.

Mai unguwa ya dube ni, ya ce, "Malam, gonar wa za a yi?"

Na harari tsohon, shi ko yana ta cin goronsa. "Ni ban taɓa ganga ba, ranka ya daɗe," in ji shi. "Yara ne." Wallahi na ji kamar in shaƙe shi.

Sai maƙwabcin nan nawa ya kutso gaba. Na ce shi ke nan, aji ya mutu.

"Wa ya buga taken mahaifina?" ya tambaya. "Tun rasuwarsa ban ƙara jin sa ba."

Ɗansa ya ɗaga gular ganga; ashe tsohon ya koya masa taken kakansa. Mutumin ya dubi yaron, ya ce, "Sake bugawa." Yaro ya buga. Uban ya juya ya faɗa gonar makaranta da ciyawa ta cinye, sauran suka bi shi. Kafin magariba sun gama da ita, ba wanda ya ƙara zancen rufe aji.

Har yau abin yana ba ni haushi. Na yi watanni ina bin gida-gida da bayani, ba wanda ya saurare ni. Yanzu duk damina sai an aiko aron yaran, amma ko fatar akuya ɗaya ba a taɓa ba mu ta gyaran ganga ba. Na dai koyi darasi: in kana son mutane su karɓi abu, ka bar dogon bayani, ka bari su ji nasu a ciki.