Orville da Gidan da Ba Ya Numfashi

Rigimata da Orville Tackett, ɗan ƙanena, a kan ɓular da ke ƙasan ƙofata ce. Ya zo da gwangwanin kumfar toshe tsaga, wai zai liƙe ta.

"Gwaggo, ta nan ɗumin gidanki ke zurarewa."

Na ce, "Ta nan kyanwata ke shiga. Taɓa ka gani."

Ya tafi yana gunagunin wai rashin boko ke damuna.

Orville ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙar kwal a ramukan jihar West Virginia, kuma abu biyu ya tsana a duniya, ƙura da gwamnati. Ranar da ya ji za a rage haraji ga duk wanda ya gyara gida don kada ɗumi ya tsere, sai ya ce ranar ramuwa ta zo. Ya sayar da a-kori-kurarsa, ya sa tagogi masu gilashi ruɓi uku, ya bi kowace tsaga ya ɗura mata kumfa. Ko tururuwa sai da izini.

Da sanyi ya sauka ya hura murhun itace na ɗumama gida. To wuta ma numfashi take yi. Da ta rasa iska, hayaƙi ya fasa hawa bututu ya zauna hira da mutanen gidan. Bango ya dinga gumi. Waken Lahadi ana shaƙarsa har Alhamis, ga warin kare. Matarsa Nadine, mai ciwon asma, ta tattara kayanta ta dawo gidana mai ɓula.

A watan Fabrairu mai lissafa masa haraji ta gaya masa fanshonsa bai kai a karɓi komai a kai ba. Abin da ba a karɓa, me za a rage?

Ya zo a ƙasa cikin ƙanƙara, hula a hannu.

"Gwaggo, ki sa baki ta dawo. Wallahi na buɗe taga."

Nadine ta ɗaga murya daga ɗaki: "Wacce? Wadda ta cinye motar?"

Na ce, "Orville, kullum roƙonka Allah ya fitar da kai daga ramin da ba iska. Ya fitar da kai, ka sayar da mota ka gina wani. Ungo zarto. Je ka rage ƙasan ƙofarka, sannan ka zo biko."