Jan Allon Bakin Kogi

A shekara ta biyu ta korona ne, shekarar da na ja sallar Idi a tsakiyar falo, matata da 'ya'yana mata biyu suna bayana, ni da ko limancin mutum biyu ban taɓa yi ba. Kamar wata biyar bayan wannan sallar abin ya same mu. Ko zan manta da komai na zaman Malesiya, wannan ranar tana nan tare da ni har kabari.

Ni bakanike ne. Tun ina ɗan shekara goma nake kwance a ƙarƙashin mota a Kano, ban taɓa zama a ajin boko ba. Matata kuwa malama ce a wata kwaleji. Ita gwamnati ta ɗauki nauyinta ta zo Kuala Lumpur yin digirin dakta, ni na biyo ta don in riƙe yara. Muna zaune a hawa na tara a Wangsa Maju. Ɗaliban arewa da ke unguwar suna kirana Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana, saboda ni nake duba musu motocinsu a ƙasan bene. Duk sun san ba na karatu, amma ba mai faɗa. Idan takarda ta zo, sai in ninke ta in sa a aljihu har Malama ta dawo. Haka nake kiranta, Malama.

Aikinta a kan ungozomomin ƙauye ne. Kafin korona ta koma gida wata huɗu tana bin ƙauyuka, tana zama da tsofaffin mata, tana naɗar muryarsu, tana rubutu a littattafai. Ta yi wa matan alkawari, ta kuma sa hannu a makaranta, cewa muryoyin ba za su hau intanet ba. Don haka suna cikin kwamfutarta, da wani ɗan ƙaramin akwatin ajiya, da littattafai bakwai masu baƙin bango. Duk a jaka ɗaya take zuba su. Wata uku ya rage mata ta miƙa aikin, tallafin ma daga nan ya ƙare.

A shekararmu ta farko na sayi wata tsohuwar motar kai kaya a hannun wani mai shagon abinci. Na sauke injinta na gyara, na cire kujerun baya na kafa gado, na sa risho, da jarkar ruwa, da fanka mai aiki da batir. Ta zama ɗaki mai taya. Duk hutun makaranta mukan fita gida huɗu, mota huɗu, zuwa wani filin kwana a bakin kogi, cikin duwatsu, tafiyar awa ɗaya da rabi daga birni. Sauran suna kafa tanti, mu muna kwana a motarmu. Mai filin wani dattijo ne Bamalaye, muna ce masa Pak Cik, kamar a ce Baffa. Ba takarda a tsakaninmu. Mu gaisa, in taya, ya yi dariya ya ce, "Boleh, boleh," wato ya yarda. Wata rana na gyara masa injin ban ruwa, ya dafa kafaɗata ya ce muddin yana raye wurin da ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro nawa ne.

Sai kullen korona ya zo. Wata da watanni muna cikin ɗaki biyu. Ƙaramar ta koma fitsarin kwance. Babbar, mai shekara tara, ta daina magana sai da waya. Malama ta rame, idanunta kullum ja, tana rubutu yara suna faɗa a kanta. Ranar da aka ce an buɗe hanya, abin da na fara yi shi ne sauka in tayar da motar.

Na bi gidajen nan uku ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zame. Ɗaya daga cikinsu, wanda muka fi shaƙuwa, ya ce, "Injiniya, ka duba kuɗin filayen nan kuwa? Kowa tsoron otal yake, duk garin ya koma kwana a daji. Kuɗin ya ninka uku. Da alawus ɗin da bai zo ba zan biya, ko da me?"

Na ce, "Ku 'yan boko komai sai waya ta faɗa muku. Ni Pak Cik ya ba ni bakinsa."

Ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Ka ɗebo mana iska a leda."

Malama ma ba ta so ba. Ta ce, "Abbansu, wata uku fa ya rage min." Na ce ta ɗauko jakar gaba ɗaya, ni zan ji da yara da girki, ita ta zauna a mota ta yi rubutu ba mai damunta. Da bakina na faɗi wannan, ni na ɗauki jakar na sa a ƙarƙashin gado.

Mun isa wajen azahar. Inda a da igiya ce kawai, yanzu ƙofar ƙarfe ce da ɗan ofis, motoci sun yi layi. Wata matashiya da takunkumi a fuska ta fito da waya a hannu. Na tambaye ta Pak Cik. Ta ce mahaifinta ne, korona ta ɗauke shi tun watannin baya. Na yi salati, na yi mata ta'aziyya da 'yar Malayancin da nake da ita. Sannan na gaya mata alkawarin bishiyar mangwaro.

Ta ce yanzu sai an kama wuri ta waya. Ana biya na mota daban, na kowane mutum daban, na wuta daban. Na yi abin da na saba yi tun ina yaro, na taya rabi. Ta ce, "Tak boleh, Uncle, ba zai yiwu ba. Nan ba kasuwa ba ce." Ba da raini ta faɗa ba. Daga baya na fahimci ita ma shekara guda ta yi ba ko sisi, ga kuɗin asibitin uba. Amma sai ta miƙo min wata takarda mai roba, ta ce in karanta, komai yana ciki. Mutanen layi suna kallo. Na riƙe takardar ina kallonta kamar mai nazari, har babbar 'yata ta leƙo ta taga ta ce, "Abba, a kife ka riƙe, kawo in karanta maka." Wani a baya ya yi dariya. Wataƙila ma ba da ni yake ba. Ni dai na ji ta har ƙashina.

Na mayar da takardar na shiga mota. Malama ta ce, "Mu koma gida kawai, ba komai." Na ce ba za mu koma ba. Na san wata hanyar ƙasa da ke gangarawa kogin nan, can ƙasa da filin, inda ba mai karɓar kuɗi.

A bakin gangaren akwai wani jan allo da aka kafa a jikin itace, rubutu fari layi biyar ko shida. Malama tana baya, ta riga ta buɗe kwamfuta, kanta a sunkuye. Babbar ta ce, "Abba, tsaya, akwai rubutu, it says…"

Na ce, "Na gani. Allon hana zubar da shara ne. Ki yi min shiru."

Akwai wani jan allo irinsa a ƙasan benenmu, kusa da bola, shi ya sa na faɗi haka. Amma gaskiyar magana, ko da na san ba shi ba ne, a wannan lokacin ba zan bari yarinya ta sake karanta min komai ba.

Wurin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ruwa garau, iya idon sawu, kana ganin tsakuwar ƙasa. Na ajiye motar a kan wata shimfiɗaɗɗiyar tsakuwa daf da ruwa, a inuwa. Na fito na yi abin da ubana yake yi, da kakana: na dubi gabas. A garinmu hadari daga gabas yake tasowa, idan gabas ta yi fes to ka shanya kayanka ka kwanta. Gabas ta yi fes, rana tana haskawa. Ban ɗaga kai na dubi duwatsun da kogin ya fito ba, don ba a koya min cewa ruwa zai iya zuba a inda ba na gani ya zo ya same ni ba.

Awa biyu muka yi na jin daɗi. Yara suka shiga ruwa suna ihu. Na dafa shinkafa da wake. Malama ta leƙo ta ce, "Abbansu, na rubuta shafi huɗu. Allah ya yi maka albarka." Wannan addu'ar ita ta fi komai cina har yau.

Bayan na idar da la'asar, ƙaramar ta ce, "Abba, ruwan ya zama shayi." Na duba. Ya yi ja, ganyaye da ƙiraruwa suna wucewa. Iska mai sanyi ta buso. Sai na ji wata ƙara daga sama, kamar tirela goma sun taho a kan gada. Wani mai kamun kifi a kan tudu yana ɗaga hannu biyu yana ihu, "Naik! Naik!" Ba sai an fassara min ba, cewa yake mu hau.

Na suri ƙaramar a kafaɗa, na ja babbar, na jefa su kan tudu wajen mutumin. Kafin in juyo ruwa ya kai gwiwa. Malama ta diro daga mota ba takalmi, na kama hannunta, mun yi taku uku sai ta tsaya ta ce, "Jakar!" Ta juya. Na riƙe ta. Ta ce, "Sake ni, don Allah sake ni, tana kan gado!" Tsakaninta da ƙofar motar bai fi taku huɗu ba. Na ji ruwan yana kwashe tsakuwa daga ƙarƙashin ƙafata. Na murɗe hannunta na ja ta da ƙarfin da nake kwance notin taya, har na ji wani abu ya ce ƙas a wuyan hannun. Ba ta yi kuka ba. Muna kama saiwar bishiya, wani gungume ya daki motar. Motar ta juya a hankali kamar mai neman hanya, ta kife, ta tafi.

Muna tsaye a kan tudun, rana tana nan tana haskawa, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.

Mai kamun kifin ya kai mu bakin hanya. Da muka zo wajen allon, ya nuna shi da yatsa yana faɗa, ba na jin abin da yake cewa. Malama tana tallafe da hannunta, ta tsaya ta karanta da idonta. Sannan ta ce wa babbar, "Karanta wa Abbanki." Yarinyar tana rawar sanyi ta karanta, tana juyawa da Hausarta mai gargada. An ce ruwa yana saukowa daga dutse ko ana rana. An ce kada a ajiye mota a ƙasa. An ce da zarar ruwa ya sauya launi a hau tudu.

'Yar Pak Cik ce ta zo da mota ta kwashe mu. Ta ba mu tufafi, ta kai Malama asibiti, ba ta karɓi komai ba.

A rana ta huɗu ina ba Malama abinci a baki, don hannun damar ne ya karye, sai ta ce, "Abbansu, shekara goma sha biyu ina karanta maka komai, har takardar maganin tari. Na taɓa yi maka gori?" Na ce a'a. Ta ce, "To me ya sa ranar ba ka ce in ɗaga kai ba?" Na ɗebo wata loma na miƙa mata. Ba ta sake tambaya ba.

An ga motar bayan mako guda, a maƙale a ƙarƙashin wata gada, cike da laka. Jakar ba ta ciki. Babi uku na farko suna wajen malamin da ke duba aikinta, amma muryoyin da littattafan babu su a ko'ina. Makaranta ta ƙara mata lokaci, tallafi ne ba a ƙara ba. Da muka koma gida ta bi ƙauyukan, ta tarar da yawa daga tsofaffin sun rasu. Ta koma ajinta na kwaleji da sunan da ta tafi da shi, Malama, ba Dakta ba.

Ni kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, ina da shekara arba'in da shida. Shekara uku ke nan ina zuwa, da hannuna na rubuta wannan, a hankali. Na daɗe ina ɗora laifin a kan tsadar filin, kuma gaskiya ne da kuɗin bai tashi ba da a ƙarƙashin mangwaro muka kwana. Amma tsada ƙofa kawai ta rufe min. Rashin karatu ma ba shi ya kai mu ba, don akwai masu karatu biyu a cikin motar. Kunyar in ce ban sani ba ita ta kai mu. Abin da na koya ke nan: wanda bai sani ba ya tambaya, ko da a bakin 'yarsa ne, ko da a gaban mutane.

Mun fita mu huɗu, mun dawo mu huɗu, alhamdu lillahi. Abin da ruwa ya tafi da shi: mota ɗaya da na haɗa da hannuna, fasfo huɗu, kwamfuta ɗaya, littattafai bakwai, muryoyin tsofaffin mata, aikin shekara uku, da digirin Malama. Hannun nata ya warke, amma har yau ba ya lanƙwasuwa sosai, kuma da shi take duba min rubutu.